Ruwa Iya Idon Sawu: Tsakanin Tiga da Fadamar Haɗeja

Duk wanda ya ratsa ƙasar Haɗeja zuwa Nguru da rani zai ga wata ciyawa kore shar, wadda ta ɗara mutum tsawo, ta cike wuraren da a da ake noman shinkafa da kamun kifi. Kacalla ke nan. A Guri da Kiri Kasamma da ƙauyukan da ke bakin hanyar ruwan Marma, mutane kan yi gayya su shiga ruwa har ƙirji da lauje da adda, su yi ta sara don buɗe wa ruwa da kwalekwale hanya. Kafin shekara ta zagayo ta sake tofowa, ta ma fi da kauri. Tsuntsayen jan-baki sun samu masauki a cikinta, daga nan suke tasowa dubbai su sauka a gonakin gero da shinkafa, manomi yana ihu yana kaɗa gwangwani har muryarsa ta dushe.

Ba fari ne ya kawo kacalla ba. Ruwa ne da ya daina ƙafewa. A can gaba kuma, wajen tsohuwar hanyar kogin da ke gangarawa Gashuwa, akwai ƙauyukan da ke kukan ruwa ya daina zuwa musu. Kogi ɗaya ne, wasu ya shaƙe su, wasu ya ƙaurace musu, kuma asalin kukan biyun yana nisan ɗaruruwan kilomita, a kudancin Kano.

Kogin Kano da Kogin Challawa ne suke haɗuwa su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa. Da su biyun suka shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasa mai tsofaffin tuddan rairayi, sai su rasa hanya guda, su rarrabu rassa-rassa, su malale kan fadama a watannin Agusta da Satumba. Abin da ya tsira daga nan shi ke haɗuwa kafin Gashuwa ya zama Kogin Yobe, ya wuce Gaidam, ya zama iyaka tsakanin Najeriya da Nijar a yankin Diffa, inda ake shayar da gonakin tattasai da shi, sannan ya faɗa Tafkin Chadi.

Mutanen wannan fadama, Hausawa da Badawa da Barebari da Fulani, sun daɗe da tsara rayuwarsu a kan zuwan ruwa da tafiyarsa. Ana shuka shinkafa da ruwan sama, ambaliya ta zo ta raine ta. Kifi ya bi ruwan ya hau fili ya yi ƙwai a cikin ciyawa. Da ruwa ya fara janyewa, masunta su tare karfasa da tarwaɗa a bakin mashigai, manoma su bi danshin ƙasa da wake, daga baya Fulani su sauko da shanu su ci ɗanyar ciyawa da ragowar gona a lokacin da tudu ya bushe ƙayau. Fili guda, amfani uku ko huɗu a shekara, kowa da lokacinsa. Ruwan da ya nitse cikin ƙasa kuma shi ke cika rijiyoyin ƙauyuka masu nisa da kogi, shi ke riƙe da goruba da sauran itatuwa. Cikin hunturu agwagin ruwa da wasu tsuntsaye kan taso daga Turai, su ƙetare Sahara, su sauka tare da ɗinya da kirinjijiya na gida.

A 1974, a zamanin Gwamna Audu Bako, aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano. Ba za a yi wa masu wannan aiki adalci ba in aka manta da lokacin da suka yi shi. Farin farkon shekarun 1970 ya kashe dabbobi, ya tashi ƙauyuka, birnin Kano kuma yana ta girma yana neman ruwan sha. A idon injiniya da gwamna na wancan lokaci, ruwan da ke malala kan fadama rana ta shanye shi asara ce da ya kamata a tare. Daga Tiga aka ja babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura da Bunkure da Garun Malam, inda noman rani ya kankama. Tumatirin da ake lodawa a Kwanar Gafan zuwa kudu, da shinkafar Kura, 'ya'yan wannan madatsa ne. A 1992 aka ƙara da ta Challawa a ƙasar Karaye. Su biyun suna riƙe da wajen kashi 80 cikin 100 na ruwan Kogin Haɗeja.

Sakamakon ya bayyana a ƙasa. Ambaliyar da a shekarun 1960 da farkon 1970 kan rufe hekta 250,000 zuwa 300,000 ta koma tsakanin 70,000 da 100,000 daga baya. Fari yana da hannu a ciki, musamman na 1983 da 1984, amma fari yana zuwa ya wuce, madatsa kuwa tana nan. Sannan ruwan da ake saki da rani domin birni da gonaki ya sa kogin da a da yake bushewa watanni ya koma mai gudana duk shekara, a hankali, ba ƙarfi. Babu babbar ambaliyar da za ta wanke laka daga hanyoyin ruwa, babu bushewar da za ta kashe saiwar ciyawa. Laka ta taru, kacalla ta kafu, hanyoyi suka toshe, ruwa ya karkata ya nufi Marma da Tafkin Nguru ya zauna a kan gonakin mutane.

A farkon shekarun 1990 wasu masana, Edward Barbier da William Adams da Kevin Kimmage, sun zauna sun yi lissafin abin da fadamar ke samarwa na noma da kifi da itacen girki, suka gwada da abin da aikin noman rani na Kogin Kano ke samarwa. In aka auna da yawan ruwan da kowanne ke sha, fadamar ta yi wa aikin gwamnati fintinkau. Wani lissafin da ya biyo baya ya nuna cewa ko an kammala dukan madatsun da aka tsara, ribar noman ranin ba za ta maye ko kashi ɗaya cikin biyar na abin da fadama za ta rasa ba. Kuma ba su sa kiwo da ruwan rijiyoyi a cikin lissafin farko ba. Dalilin da ya sa wannan arziki bai shiga idon hukuma ba a fili yake: buhun shinkafar Kadawa yana shiga rahoto, kifin da matar masunci ta banda ta sayar a kasuwar ƙauye ba ya shiga.

To, amma lissafin riba ba ya raba gardamar haƙƙi. Ko da a ce madatsar ce ta fi riba, tambayar tana nan: wanda ke sama yana da ikon tare ruwa ya hana na ƙasa? Al'ummar da wannan rikici ya shafa, sama da ƙasa, kusan duk Musulmi ne mabiya mazhabar Malikiyya, kuma littattafan da ake karantawa a zaurukansu sun yi maganar nan tun kafin a san siminti.

A Madina an yi jayayya tsakanin Zubairu ɗan Awwam da wani mutumin Ansar a kan ruwan da ke gangarowa daga Harra zuwa gonakin dabino. Gonar Zubairu ce a sama. Hukuncin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba na sama damar fara shayarwa, amma ya yi masa iyaka, kuma da aka auna iyakar sai aka samu ta kai idon sawu. Imamu Malik ya kawo irin wannan hukunci a Muwaɗɗa game da kwaruruka biyu na Madina, Mahzur da Muzainib. Almajiransa sun saɓa a kan abin da za a saki: Ibnul Ƙasim yana ganin in ruwa ya kai idon sawu sai a sake shi duka, Muɗarrif da Ibnul Majishun suna ganin a riƙe wannan gwargwado a saki abin da ya ƙaru. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya ce na sama ya riƙe har sai ya ga dama.

Akwai kuma wani sharaɗi da masu kafa hujja da fifikon na sama ba su cika ambatawa ba. A Muhtasar na Shehu Halilu, fifikon nan yana tabbata ne in na saman shi ya riga raya wurinsa. In na ƙasa ne ya riga, sannan wani ya zo daga baya ya buɗe gona a samansa, ba a yarda sabon zuwa ya kashe tsohuwar gona da ƙishirwa ba. Wannan sharaɗi ya faɗo daidai kan Haɗeja da Bade. Shinkafar fadama da sun Badawa sun girmi Tiga da ɗaruruwan shekaru. A ma'aunin fiƙihu, Kadawa ce baƙuwa.

Malaman ƙasar nan ma ba su bar batun a littattafan Misira da Madina ba. Shehu Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta ɗan littafi, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke samun haƙƙi a ƙasar da ba ta da mai ita: raya ta, ko kasancewarta hurumin wani abu da aka raya, ko yankan shugaba, ko keɓewa domin amfanin jama'a. Abin lura a tsarin shi ne gari yana da hurumin da ake kiwo da itace a ciki, rijiya tana da nata, kuma ba a raya wuri ta hanyar da za ta cuci wanda ya riga.

Mai kare madatsa yana da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Zai ce hukuncin idon sawu na maƙwabta biyu ne masu gonakin dabino, ba na birni mai mutum miliyoyi ba. Zai ce shan ɗan Adam yana gaba da shayar da gona a kowace mazhaba, kuma famfunan Kano daga Tamburawa da Challawa suke sha. Zai ce shugaba yana da ikon yin abin da ya ga maslahar jama'a ce, dokar ruwa ta 1993 ma ta danƙa wa gwamnatin tarayya ikon duk kogin da ya ratsa jiha fiye da ɗaya. Duk gaskiya ne. Sai dai ruwan shan birni wani kaso ne kawai, ban da shi akwai abin da gonakin rani ke sha, da abin da ke tsiyayewa a fasassun hanyoyin ruwa, da abin da rana ke ɗauka daga fuskar tafkin. Ƙishirwar Kano hujja ce ta tare wani kaso, ba hujja ba ce ta tare kogi. Maslahar jama'a kuma ba ta tsaya a iyakar jiha ba. Lokacin da aka gina Tiga, Haɗeja ma a cikin Jihar Kano take, Gashuwa da Gaidam ne ke wata jiha, Diffa kuma wata ƙasa. Ƙa'idar da malamai suka gina a kai ita ce ikon shugaba a kan talakawa yana rataye da amfaninsu, kuma ba a kawar da cuta da wata cutar irinta.

Sai batun waɗanda ba su da bakin kai ƙara. Mutane da yawa a yankin suna kallon zancen kare tsuntsaye a matsayin sha'awar Turawa, kuma akwai abin da ya sa. Shirin kare fadamar da aka kafa a 1987 ƙungiyoyin kare tsuntsaye da muhalli ne suka tsaya masa, Yarima Philip na Ingila ya ziyarci gandun Dagona a 1989, a 2000 kuma aka sa Tafkin Nguru da Marma cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar. Manomin da jan-baki suka cinye wa gero ba zai yi murna da jin an zo ƙidayar agwagi ba. Amma addininsa bai bar dabba a wajen lissafi ba. Suratul An'am ta kira dabbobi da tsuntsaye al'ummomi irin namu. Mutanen Annabi Salihu an raba musu ruwa tsakaninsu da taguwa, kowa da ranarsa, kuma halakarsu ta biyo bayan take wannan rabo. Fiƙihu ya hana mai rijiya a daji ya hana dabbobin wasu rarar ruwansa. Mutum halifa ne a bayan ƙasa, halifa kuwa wakili ne da za a tambaya, ba magaji ba ne da zai sayar da gida ya ci kuɗin.

A wannan fadama ma ba sai an zaɓa tsakanin mutum da tsuntsu ba. Ruwan da agwagwa ke nema shi ne wanda kifi ke ƙwai a ciki, shi ne wanda shinkafa ke so, shi ne ke barin ciyawar da saniya za ta ci a watan Maris. Shekarar da ambaliya ta yi kyau, duk sun samu. Shekarar da ta gaza, tsuntsu ya ƙara gaba zuwa wani dausayin, masunci ya tattara komarsa ya nufi Tafkin Chadi ko ya shiga birni tura baro, makiyayi da manomi kuma su haɗu a kan ɗan guntun danshin da ya rage, da sanda da adda.

Inda kare muhalli ke zama zalunci shi ne inda aka shata daji aka kori talaka. Musulunci ya san keɓe wuri: Manzon Allah ya keɓe Naƙi'i kusa da Madina domin dawakin Musulmi, Sayyidina Umar ya keɓe Rabaza domin dabbobin zakka. Amma umarnin da Umar ya ba mai gadin wurin, wani bawansa mai suna Hunayyu, abin a tsaya a kai ne. Ya ce masa ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, ya hana garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su in dabbobinsu sun mutu suna da gonaki da dabino, talaka kuwa ba shi da inda zai koma sai ƙofar halifa da 'ya'yansa. A gandun Dagona da na Baturiya, da ma kowane gandun daji a Arewa, wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a ɗora a kan doka. In mai gadi ya kama matar da ta yanko kaba, ya bar motar itacen mai kuɗi ta wuce, an kifar da umarnin Umar.

Na ƙasa ma ba waliyyai ba ne. Bayan hana shigo da alkama a 1987, an sare dazuzzukan fadama da yawa an dasa injinan ban-ruwa, an toshe burtali da mashaya da gonaki. Masunta sukan gicciya dumba a mashigi su tare babba da ƙarami, wasu su sa koma mai ƙananan idanu ta kwashe har 'ya'yan kifi. Ƙauye kan haƙa hanya ya karkato ruwa gonakinsa, na gaba da shi ya wayi gari ba ruwa. Kowane na ƙasa na sama ne ga wani. A da sarkin ruwa da bulama su ke faɗin ranar da za a buɗe tafki a yi su da ranar da za a rufe, kuma ana jin maganarsu. Inda wannan iko ya raunana ba a samu wani abu da ya maye gurbinsa ba.

Abin da kacalla ta ƙara a kan tsohuwar mas'ala shi ne batun lokaci. Malaman da suka yi maganar idon sawu suna magana ne a kan yawa: nawa za a riƙe, nawa za a saki. Madatsa ta nuna ana iya sakin ruwa kuma a cuci na ƙasa, in an sake shi a lokacin da ba ya so, an hana shi a lokacin da yake jira. Haƙƙin mutumin Guri ba tulin ruwa ba ne kawai, har da cikar Agusta da bushewar Afrilu. Suratur Rahman ta yi maganar ma'aunin da aka kafa a halitta tare da gargaɗin kada a ƙetare shi, kuma a wannan kogi ma'aunin ya haɗa da watannin da babu ruwa sam. Wannan ijtihadi ne da ke jiran malaman yau, domin ba a rubuta shi a Muhtasar ba, kuma ba zai yiwu ba sai malami ya zauna da masanin ruwa da sarkin ruwa a tabarma ɗaya.

An gwada gyara irin wannan ɓarna a maƙwabta. A arewacin Kamaru, madatsar Maga da aka gina a 1979 domin noman shinkafa ta busar da babban yanki na fadamar Logone, kifi da makiyaya suka watse. A 1994 aka fasa wani ɓangare na shingen aka mayar wa fadamar da ruwa a lokacin ambaliya. Ciyawa mai ɗorewa ta dawo, kifi ya dawo, shanu suka dawo, kuma ba a rushe madatsar ba. Masana sun daɗe suna ba da shawarar irin haka a Tiga da Challawa: a saki ruwa mai ƙarfi da damina, a rage na rani, a gyara hanyoyin da ke zubar da ruwa. Wahalar ita ce kowane sabon amfani da aka ɗora wa madatsun, har da samar da lantarki, yana son ruwa ya riƙa gudana daidai wa daida duk shekara, wato ainihin abin da kacalla ke so.

A 2006 jihohi shida da kogin ya shafa, Bauchi da Borno da Jigawa da Kano da Filato da Yobe, sun haɗu a Damaturu sun amince da kafa asusun kula da kogin baki ɗaya. An yi aikin yashe wasu hanyoyin ruwa, an kawo injinan yankan ciyawa. Amma yawancin ruwan da ke isa Gashuwa yau na Jama'are ne, kogin da har yanzu ba a datse babbar hanyarsa ba. Tun zamanin Shagari ake maganar gina madatsar Kafin Zaki a kansa, a ƙasar Ningi. An fara an tsaya fiye da sau ɗaya. Bauchi tana so domin noman rani da aikin yi ga matasanta, Yobe da Borno sun nuna adawa domin sun ga abin da ya faru da Haɗeja. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato sai zancen ya sake tashi, kuma har yanzu ana yinsa ne da harshen kwangila da hekta da biliyoyin naira, a gaban jama'ar da limamansu suka karanta babin ruwa a Muhtasar.